RONALD ROSS: LIKITAN DA YA YAƘI SAURO DA LISSAFI

Kowace shekara idan lokacin zaɓen darussa ya zo, nakan ji waɗansu ɗalibanmu suna cewa za su bi ilmin halittu domin su huta da lissafi. Wannan yana so ya zama likita, waccan tana so ta zama mai jinya, wancan kuma malamin gona, dukansu kuwa suna tsammani aikin bai wuce haddace sunayen ƙasusuwa da zana ganye a littafi ba. Amma ku tambayi yayyenku da suka riga ku shiga jami'a. Tun a shekarar farko ake ajiye musu kalkulas a gaba, da yawa kuma a nan suke yin tuntuɓe. Saboda haka na ga ya kamata a littafinmu na wannan shekara in kawo muku tarihin wani likita ɗan Ingila mai suna Ronald Ross. Shi ne ya gano ƙwayar zazzaɓin maleriya a cikin sauro, shi ne kuma ya nuna cewa yaƙin wannan ciwo ba ya tafiya daidai sai an haɗa da lissafi. Babu gidan da zazzaɓi bai taɓa shiga ba a cikinmu, don haka labarin nan ya shafe mu duka.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Ronald Ross ran 13 ga Mayu, 1857, a garin Almora da ke gindin duwatsun Himalaya a ƙasar Indiya, lokacin da ƙasar take hannun Turawan Ingila. Kwana uku kafin haihuwarsa babban tawayen nan na sojojin Indiya ya ɓarke. Mahaifinsa, Campbell Ross, hafsan soja ne wanda daga baya ya kai matsayin janar. Ronald ne ɗan fari cikin 'ya'ya goma. Da ya kai shekara takwas aka aika da shi Ingila wurin dangi domin ya yi makaranta, daga baya aka sa shi makarantar kwana kusa da Southampton.

Yaro ne mai son waƙa da kiɗa da zane. Yana da shekara goma sha huɗu ya ci kyautar lissafi a makaranta, aka ba shi wani littafi a kan taurari. Yana da goma sha shida ya zo na ɗaya a wata babbar jarrabawar zane. Burinsa shi ne ya zama mai zane ko marubuci, amma mahaifinsa ya riga ya zaɓa masa aikin likita. Ya yi biyayya, ya shiga makarantar likitoci ta asibitin St Bartholomew a Landan cikin 1874.

Gaskiya ita ce bai zama ɗalibin da ake misali da shi ba. Rabin lokacinsa ya tafi wajen rubuta waƙoƙi da wasannin kwaikwayo. Ya ci jarrabawa ɗaya a 1879, ya faɗi ɗayar, ya shiga aikin likita a jirgin ruwa mai ƙetare teku zuwa Amurka, sai a karo na biyu ya ci wadda ta kayar da shi. Cikin 1881 aka ɗauke shi aikin likitan gwamnati a Indiya. Wanda ya taɓa faɗuwa jarrabawa a cikinku, ya riƙe wannan.

Likita mai karatun lissafi

A shekarunsa na farko a Indiya an yi ta yawo da shi daga wannan bariki zuwa wancan: Madaras, Bangalo, ƙasar Bama, da tsibiran Andaman. Aikin bai cika masa hannu ba. A wannan lokaci ne ya sake buɗe littafin nan na taurari da aka ba shi kyauta, sha'awar lissafi ta taso masa sabuwa. Ya sayi littattafai, ya zauna shi kaɗai ba malami, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga kalkulas. Abokan aikinsa suna ganin ɓata lokaci ne kawai, don me likitan soja zai yi da irin wannan karatu? Shi kansa bai san inda zai yi masa amfani ba tukuna.

Cikin 1883, yana Bangalo, sauro ya hana shi barci a masaukinsa. Da ya bincika sai ya tarar da wani mazubin ruwa kusa da tagarsa cike da tsutsotsin sauro. Ya kifar da ruwan, sauron ya ragu. Ƙaramin abu ne, amma ya zauna masa a rai. Ya je hutu Ingila a 1888, ya ƙaro karatu kan lafiyar jama'a da ƙwayoyin cuta, ya kuma auri Rosa Bloxam a 1889. Allah ya ba su 'ya'ya huɗu.

Ciwon da ba a san hanyarsa ba

A zamanin nan yawancin likitoci sun ɗauka mugun iskar fadama ce take kawo zazzaɓi. Sunan maleriya ma daga harshen Italiya yake, ma'anarsa mummunar iska. An san maganin kwinin, amma ba a san ta inda ciwon yake shiga jiki ba. A 1880 wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, ya ga ƙwayar cutar a jinin wani majinyaci a Aljeriya. Ross ya nemi ƙwayar a madubin likita bai gan ta ba, har ya rubuta cewa ba a cikin jini ciwon yake ba. Ya yi kuskure.

Cikin 1894 ya sadu da Dokta Patrick Manson a Landan. Manson ya nuna masa ƙwayar da idonsa, ya kuma gaya masa abin da yake zato, wato sauro ne yake ɗaukar ta. Manson yana da dalili, domin tun yana aiki a ƙasar Sin ya gano cewa tsutsar da ke kawo ciwon tundurmi tana girma a cikin sauro.

Mu 'yan ikilisiya muna da abin tunawa a wannan shekara ta 1894. A ƙarshen 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar kawo Bishara cikin ƙasar nan. Zazzaɓi ya kwantar da Bingham a Ikko. Kafin 1894 ta ƙare ciwo ya kashe Gowans a Girku, ya kashe Kent a Bida. Daga aikin da suka fara ne aka sami mishan na SIM da ikilisiyar ECWA. Idan baƙi sun sha wannan wuya, to, ku yi tunanin yaran ƙasa nawa suka mutu a damunar wannan shekara ba wanda ya rubuta sunayensu.

Ran 20 ga Agusta, 1897

Ross ya koma Indiya a 1895 da niyyar gwada maganar Manson. Shekara biyu yana fama. Yakan kama sauro, ya sa su ciji marasa lafiya a cikin gidan sauro, sa'an nan ya feɗe su ɗaya ɗaya a ƙarƙashin madubi. Manson yana tsammani mutane suna kamuwa ne ta wurin shan ruwan da sauro ya mutu a ciki. Ross ya gwada, bai ga kome ba. Gwamnati ta janye shi zuwa aikin kwalara a Bangalo. Shi kansa zazzaɓin ya kama shi a 1897. A duk wannan lokaci shi da Manson suna musayar wasiƙu, sun fi ɗari, dattijon yana ƙarfafa shi kada ya fid da zuciya.

Matsalar ita ce ba kowane irin sauro ne yake ɗaukar maleriyar mutum ba, shi kuwa ya yi ta feɗe waɗanda ba su ba ne. A tsakiyar Agusta 1897, a garin Sikandarabad, aka kawo masa wani irin sauro mai ɗigo-ɗigo a fiffike, wanda idan ya sauka yakan ɗaga gindinsa sama. Shi ne wanda muke kira anofilis a yau. Ya sa su suka ciji wani majinyaci ran 16 ga wata. Zafi ya yi tsanani, ga shi ba ya yarda a kaɗa masa mafici don kada iska ta kwashe abin da yake dubawa. Gumi ya sa madubin ya yi tsatsa. Ran 20 ga Agusta sauro biyu suka rage. Ya feɗe ɗaya, ya gaji har ya kusa tashi, sai ya ga waɗansu ƙananan ƙulli a jikin tumbin sauron, da baƙin ɗigo a cikinsu irin wanda ake gani a ƙwayar maleriya. Kashegari ya feɗe na ƙarshe, ya tarar ƙullin sun ƙara girma. Abin da yake girma kuwa rayayye ne. Ya rubuta waƙar godiya ga Allah, ya aika wa matarsa. Har yanzu ana tunawa da 20 ga Agusta a matsayin Ranar Sauro ta Duniya.

Murna ba ta daɗe ba, aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Kherwara, inda ba a cika samun zazzaɓi ba. Sai da Manson ya yi ta roƙon manya a Landan kafin aka mai da shi Kalkata a Fabrairu 1898. A can bai sami majinyatan da za su yarda a gwada su ba, sai ya koma kan ƙananan tsuntsaye, domin su ma suna da irin tasu maleriya. A watan Yuli ya bi ƙwayar tun daga tumbin sauro har zuwa inda yawun sauro yake taruwa, ya kuma sa sauro masu ciwo suka ciji lafiyayyun tsuntsaye, suka kamu. Ashe ta cizo ne ciwon yake shiga. A ƙarshen wannan shekara masanan Italiya, Grassi da Bignami da Bastianelli, suka tabbatar cewa haka abin yake ga ɗan adam, kuma anofilis ne mai laifin. A 1902 aka ba Ross kyautar Nobel ta likitanci. Shi ne ɗan Birtaniya na farko da ya sami wannan kyauta.

Zuwansa Afirka ta Yamma

Ross ya bar aikin Indiya a 1899, ya zama malami a sabuwar makarantar nazarin cututtukan ƙasashen zafi a Liverpool. A wannan shekara ya zo Saliyo, ya sami anofilis masu ɗauke da ƙwayar a Firitawun, ya ga kuma yadda suke haihuwa a ƙananan kududdufai na ruwan sama. Ya komo a 1901, aka kafa ƙungiyoyin leburori masu cike ramuka da kwashe gwangwanaye da fasassun tukwane. Ya zo Ikko ma, inda Gwamna William MacGregor, wanda shi ma likita ne, yake cike fadamu yana raba kwinin. A 1902 aka gayyace shi Isma'iliyya a ƙasar Masar, a bakin mashigin Suwez. Gari ne ƙarami cikin hamada, wuraren ruwansa ƙididdigaggu ne, cikin 'yan shekaru zazzaɓi ya kusa ɓacewa a can.

Ba ko'ina aka yi nasara ba. A Firitawun, da kuɗi suka ƙare, sauro ya komo. A barikin Mian Mir kusa da Lahor an yi shekaru ana zuba mai a ruwa ana cike ramuka, zazzaɓi bai ragu ba. Sai masu suka suka sami abin faɗa. Hujjarsu ita ce ba mai iya kashe dukan sauron duniya, kuma muddin sauro ɗaya ya rage zai ciji mai ciwo ya kai wa mai lafiya, don haka zuba kuɗi a wannan aiki asara ce. Magana ce mai kama da gaskiya, gwamnatoci kuma suna son jin ta, domin tana rage musu kashe kuɗi. Madubin likita ba shi da amsar wannan gardama. A nan ne karatun da Ross ya yi shi kaɗai shekaru ashirin da suka wuce ya biya shi.

Lissafin arba'in

A ƙarshen 1907 aka aike shi tsibirin Moris, a tekun Indiya. A rahoton da ya rubuta a 1908, da kuma littafinsa kan rigakafin maleriya na 1910, ya kawo wani lissafi wanda kowane ɗan aji uku zai iya bi. Ku ɗauki biro mu bi shi tare.

Ya ce mu dubi mutum ɗaya mai zazzaɓi a ƙauye, da sauron da suke rabonsa cikin wata guda. Bisa ƙiyasinsa, sauro ɗaya cikin huɗu ne yake samun damar cizon mutum. Mai ciwo ɗaya cikin huɗu ne yake da irin ƙwayar da ke iya shiga sauro a lokacin cizon. Sauro ɗaya cikin uku ne yake rayuwa har ƙwayar ta nuna a cikinsa, abin da ke ɗaukar kwana goma ko fiye. Daga nan kuma ɗaya cikin huɗu ne yake sake cizon wani mutum. Huɗu sau huɗu sau uku sau huɗu ya ba mu 192. Wato cikin sauro 192, guda ɗaya tak yake kai ciwon ga sabon mutum.

A ɗaya gefen, ya ƙiyasta cewa kashi ɗaya cikin biyar na masu ciwo suna warkewa kowane wata, wato mai ciwo yakan riƙe ƙwayar kimanin wata biyar. Kafin ciwo ya zauna a gari, dole kowane mai ciwo ya bar aƙalla magaji ɗaya kafin ya warke. Idan muka raba 192 gida biyar za mu sami 38 da ɗoriya, a ce arba'in. Idan sauron da ke kan kowane mutum a wata ya haura arba'in, zazzaɓi zai zauna. Idan ya kasa arba'in, masu warkewa sun fi sababbin kamuwa yawa, ciwon zai yi ta raguwa har ya mutu da kansa, alhali kuwa sauro yana nan yana cizo.

Adadin nan ƙiyasi ne, Ross kuma ya san haka. A wani gari iyakar za ta fi arba'in, a wani ta kasa. Abin da ya tabbatar shi ne akwai iyaka, kuma ba lalle sai an kashe sauro na ƙarshe ba. Lissafin ya kuma bayyana dalilin da ya sa wani wuri ake yin aiki ba a ga sakamako ba. Idan gari yana da ɗari huɗu ga kowane mutum, ka kashe rabi, har yanzu kana nesa da iyaka.

Inda kalkulas ya shigo

A 1911 ya sake rubuta wannan tunani da harshen kalkulas. Kada sunan ya ba ku tsoro. Kalkulas hannu biyu gare shi. Hannu ɗaya yana auna saurin da abu yake sauyawa a wannan ƙiftawar ido. Ɗayan, wato lissafin tarawa, yana haɗa ƙananan sauye-sauyen nan wuri ɗaya ya faɗi jimlarsu.

Ku ɗauki randa mai huji a gindi, ana kuma zuba mata ruwa ta baki. Ruwan da ke ciki shi ne yawan masu zazzaɓi. Wanda ake zubawa shi ne sababbin kamuwa, wanda ke yoyo shi ne masu warkewa. Saurin hawa ko saukar ruwan daidai yake da abin da ke shiga, a ɗebe abin da ke fita. Idan aka rubuta wannan jimla da alamun lissafi, da alamar dy/dt a hannun hagu, an sami abin da ake kira ikweshan na sauyi. Wahalar ita ce abin da ke shiga da abin da ke fita dukansu sun dogara ga yawan ruwan da ke ciki a lokacin, domin yawan masu ciwo shi ke ƙara yawan sauro masu ciwo. Saboda haka Ross ya rubuta ikweshan biyu, ɗaya ta mutane, ɗaya ta sauro, kowace tana riƙe da 'yar'uwarta. Warware su shi ne zai nuna yadda ciwon zai kasance bayan wata shida ko shekara biyu.

Lissafin tarawa ma kun riga kun ɗanɗana shi ba ku sani ba. A ce mutum 100 suna da ciwo, kashi ɗaya cikin biyar suna warkewa kowane wata. Watan farko 100, na biyu 80, na uku 64, haka har abin ya ƙanƙance. Wannan jeri ne irin wanda kuke tarawa a aji biyar, jimlarsa 500. Raba 500 ga mutum 100, ka sami wata biyar ɗin nan da muka yi aiki da shi ɗazu. Abin da kalkulas ya ƙara shi ne, maimakon a yanka lokaci wata wata, sai a yanka shi siriri ƙwarai, tun da yake mutane ba sa jiran ƙarshen wata kafin su warke. Da irin wannan lissafi ake sanin yadda ƙwayoyin cuta suke ninkuwa a kwano, da awa nawa magani yake yi a jini kafin a sake sha, da yawan kifin da za a kama a tafki ba tare da an ƙarar da iri ba.

Ross ya san iyakar ƙarfinsa. Da ya so ya faɗaɗa lissafin ya shafi kowace irin annoba, ya fitar da kashi na farko a 1916, sa'an nan ya haɗa kai da wata gwanar lissafi da ta yi karatu a Kambirij, Hilda Hudson, suka fitar da kashi na biyu da na uku a 1917. Mace ce mai bi ta ƙwarai, wadda ta yi hidima cikin ƙungiyar ɗalibai Kirista. 'Yan matanmu su lura da wannan suna.

Waɗanda suka ci gaba da aikin

Likitocin zamaninsa ba su kula da lissafin ba, yawancinsu ma ba su iya karanta shi ba, wannan kuwa ya ɓata masa rai ƙwarai. Amma iri ya riga ya faɗi a ƙasa. Wani saurayin likita, Anderson McKendrick, ya raka shi Saliyo a 1901, Ross ya cusa masa son lissafi. A 1927 McKendrick da William Kermack, wani masanin haɗa sinadarai wanda ya makance sakamakon fashewar wani abu a ɗakin gwaji, suka fitar da lissafin yadda annoba take tashi ta kai ƙololuwa ta sauka. Jikokin wannan lissafi ne gwamnatoci suka yi ta dubawa a lokacin annobar korona ta 2020.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, George Macdonald, shugaban cibiyar da ke ɗauke da sunan Ross a Landan, ya gyara lissafin maleriya ya nuna cewa tsawon ran sauro ya fi yawansa muhimmanci. Ku gwada da kanku. A ce ƙwayar tana bukatar kwana 12 a cikin sauro. Idan sauro 90 cikin 100 suna kai wa gobe kowace rana, kimanin 28 ne za su cika kwana 12. Idan aka rage su zuwa 80, kimanin 7 ne kawai za su kai. Wannan ne hikimar fesa magani a bangon ɗaki da kwana cikin gidan sauro mai magani.

Lissafin ya zo har ƙofar gidanmu. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka gudanar da wani babban bincike a ƙasar Garki, wadda take cikin Jihar Kano a lokacin, yanzu kuwa Jihar Jigawa. An ƙidaya cizon sauro, an auna jinin mutanen ƙauyuka, an fesa magani a ɗakuna, an raba ƙwayoyi. Masana uku, Dietz da Molineaux da Thomas, suka gina sabon lissafi a kan abin da aka samu, suka buga shi a 1974. Zazzaɓi ya ragu ƙwarai amma bai yanke ba, da aka daina aikin kuma ya komo. Cizon ya yi yawa, waɗansu sauron ma a waje suke hutawa inda feshi ba ya kai wa. A harshen Ross, muna can sama da iyaka, dabara ɗaya ba za ta sauko da mu ba. Har yanzu kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Nijeriya suke. Aikin bai ƙare ba, yana jiran waɗansunku.

Halinsa da ƙarshen ransa

Ba zan ɓoye muku aibinsa ba. Ross mutum ne mai saurin fushi, mai riƙo. Ya yi shekaru yana faɗa da Grassi a kan wa ya riga wa, yana rubuta maganganu masu zafi, ko da yake Grassi ma ya yi aiki na gaske. Har da Manson, wanda ya riƙe hannunsa a lokacin wahala, suka ɓata. Ya yi ta ƙorafi cewa ƙasarsa ba ta biya shi ladan aikinsa ba, duk da an ba shi sarautar Sir a 1911. Baƙin ciki na gaske ma ya same shi: an kashe babban ɗansa a fagen fama a Faransa cikin 1914. An buɗe Cibiyar Ross a Putney, a Landan, a 1926. Shekara guda bayan haka ciwon shanyewar jiki ya buge shi. Matarsa ta rasu a 1931, shi kuma ya bi ta ran 16 ga Satumba, 1932, yana da shekara 75.

Abin koyo

Ya ku ɗalibai, Ross bai san ranar da kalkulas zai yi masa amfani ba sa'ad da yake koyonsa, amma da ranar ta zo ta same shi a shirye. Da tsohuwar zuma ake magani. Ku da kuke nufin ilmin halittu ko likitanci ko aikin gona, kada ku yi sallama da lissafi a aji huɗu. Ku riƙe aljabara, da zanen giraf, da logaridim, da jerin lambobi, domin su ne matakalar da za ku taka zuwa kalkulas a jami'a.

'Yan'uwana malamai, mu ma akwai namu. Ross ya shiga lissafi mai wuya ne domin yana da tambayar da ta hana shi barci. Idan muka fara darasi da sauro da randa da ƙwayar magani kafin mu kawo x da y, ɗalibin ilmin halittu zai ga abin da ya kawo shi ajin. Malamin lissafi da na ilmin halittu su riƙa leƙa ajin juna, kamar yadda Ross ya nemi Hilda Hudson.

Iyaye kuma da sauran 'yan ikilisiya, ku tuna da misalin talanti da Ubangijinmu Yesu ya bayar a Matiyu sura 25. Ross ya sami baiwa fiye da ɗaya, bai binne ko ɗaya ba, Allah kuma ya yi amfani da su ya ceci rayuka masu yawa. Mu ɗauki naciyarsa, mu bar masa riƙonsa. Kafin damuna ta sauka, kowa ya kifar da gwangwanin da ke bayan ɗakinsa, ya ɗaura gidan sauro.

Allah ya ba mu hikima da lafiya. Amin.